Shekarar da Duwatsun Hadiza Suka Yi Rawaya

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami, Shi da ya ara mini numfashin da zan kai ƙarshen wannan babi in ya so, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Na riga na ba ku labarin fitowata daga ƙasar Damagaram da kan keken ɗinki a cikin buhu, da yadda na zauna Sabha har furfura ta same ni a nan. Wannan babi na shekara ɗaya ne kawai, shekarar da uwarku ta rasu. Dukanku nake rubuta wa, amma kai Sani, kai nake kallo. Tun daga ranar zaman makoki ba ka sake ce wa yayarka Hadiza ko sannu ba, kuma na ji har 'ya'yanka sun tashi da labarin cewa gwaggonsu ta kulle ɗaki mai sanyi ta bar mahaifiyarta a rana saboda wasu duwatsu. Na gaya maka da baki ba haka aka yi ba, ka sunkuyar da kai don ladabi, ka tashi da abin da ka zo da shi. Wataƙila ban iya faɗa ba ne, don ni ma Hadiza 'yar farina ce, bakina bai saba da yabonta ba. Alƙalami bai kai baki kunya ba, shi ya sa na koma gare shi.

Gidan da muke haya a unguwar Abdulkafi kun san shi. Ɗakuna biyu ne na bulo masu rufin kwano, sai tsohon ɗakin ƙasa a ƙurya, wanda masu gidan na da suke ajiye dabino a ciki. Bangonsa kauri gare shi, ƙasansa a zurfafe, sai mutum ya sauka kafin ya shiga, tagarsa kuma ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Da bazara, lokacin da kwano ke gasa mutum kamar gurasa a tanderu, kuran kuma, wato wutar lantarki, ya tafi tun safe bai dawo ba, wannan ɗaki kaɗai ne wurin da ɗan Adam zai iya jan numfashi a gidan. Ba mu kwana a ciki don ƙarami ne, amma a nan muke fakewa da tsakar rana.

Hadiza a nan garin aka haife ta, amma garin bai taɓa ba ta takardar zama 'yarsa ba, ƙasarmu kuma a labari ta san ta. Abin da Allah ya ba ta shi ne kai. Ta yi karatu har jami'a, wani malami Balarabe da muke kira Duktur ya ɗauke ta cikin masu taya shi bincike. Aikinsu a kan na'urar hoton ƙirji ne, wadda mu mutanen Nijar muke cewa radiyo. Yadda ta bayyana mini shi ne, akwai wani haske da ido ba ya gani, yana ratsa nama ya tsaya a ƙashi, a bayan majiyyaci kuma akwai allo da ke karɓar abin da hasken ya rubuta. Wannan allo shi ne ran na'urar, daga ƙetaren teku ake kawo shi, in ya fashe sai a zauna jira. Su kuwa suna neman yin allon da wani irin dutse da ake shuka shi a kwalba, daga gishirin dalma da wasu magunguna, ana ɗumama ruwan a hankali har ya fito baƙi ƙirin yana ƙyalli kamar idon zabuwa. Sunansa ferobiskait. Ban taɓa faɗarsa daidai ba, don haka a gidanmu duwatsun Hadiza muke cewa. Dutsen ya fi na Turawa saurin jin haske, sai dai ba shi da jimiri. Danshi kaɗan ya taɓa shi, ko zafi ya yi masa yawa, sai baƙin ya koma rawaya, ya dagargaje, ya zama bai ji bai gani. Duk aikinta shi ne neman abin da za a ƙara masa, da abin da za a shafe shi da shi, don ya daɗe a raye.

Na ce mata wannan ai maganar tawada ce. Tawadar da ba a sa mata ƙaro ba, da ta bushe sai ta kakkaɓe daga takarda.

Ta yi dariya ta ce, "Haka ne, Baba. Ƙaron nawa ne har yanzu ban gama samu ba."

Wata rana ta dawo gida tana rawar jiki, ta nuna mana hoto a wayarta. Sun kai ɗaya daga duwatsun wurin wani likitan haƙori mai ƙaramar na'ura, suka ɗora dabino a gabansa, suna matsar da shi kaɗan-kaɗan har hoto ya haɗu. Ga naman dabinon dishi-dishi, ga ƙwallon a tsakiya ya fito sarai. Uwarku tana tankaɗe, ta leƙo ta gefen ido, ta ce wa iska,

"Duk wannan karatu, ashe don a gaya mana dabino yana da ƙwallo ne."

Muka yi dariya har da Hadiza. Amma da ta ajiye wayar ta tafi alwala, na ga uwarku ta goge hannu a zane, ta ɗauki wayar ta daɗe tana kallo. Da ta ji motsin buta sai ta mayar da ita inda take.

Dole in tsaya a nan in faɗa muku wani abu game da uwarku, don ku da kuka tashi cikin Larabawa ba lalle ku gane shi ba. A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Alkunya ke nan, kuma uwarku ta riƙe ta fiye da kowace mace da na sani, kamar ita ce guzurin da ta taho da shi daga gida take tsoron kada ya ƙare a ƙasar mutane. Tun haihuwa ba ta taɓa cewa Hadiza ba. Tana ƙarama "ke" ce ko "waccan", da ta girma ta zama Mai Duwatsu. Kai Sani an goya ka an yi maka kirari, ita kuwa in ta faɗi sai dai maƙwabciya ta ɗaga ta. Ka tashi kana ganin haka, ka ɗauka babu shaƙuwa tsakaninsu. Ni da nake ganin wanda ake zuba wa tsoka a ƙarƙashin tuwo, na san inda zuciyarta take.

A ƙarshen sanyin wannan shekara gari ya rikice. Ba zan shiga labarin wa ya harbi wa ba, mu baƙi ne, namu shi ne rufe ƙofa da addu'a. Tagogin ɗakin bincikensu suka farfashe, hanyar wurin ta zama ba ta biyuwa. Duktur ya raba wa ɗalibansa abin da kowa ke aiki a kai, ya kwashe iyalinsa ya yi arewa. Kafin ya tafi ya zo har shagona ya zauna a kan benci, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce haɗin da Hadiza ta yi na ƙarshe ya fi na kowa alamar jimiri, kuma akwai masu bincike a ƙetaren teku da suka ce in duwatsun suka ƙetare bazara guda cur a buɗe, a cikin ɗaki irin na mutane, ba su sauya launi ba, za su ɗauke ta su yi mata takardu. Sharaɗin dai a samu ɗaki mai sanyi, busasshe, kada a yi girki ko wanka ko shanya a ciki, kada kuma yara su taɓa, don dalma guba ce. Na ce muna da shi. Muka share ɗakin ƙasa, Hadiza ta jera duwatsun a kan katako, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba, da siraran wayoyi a jikinsu, da wani ɗan agogo mai nuna zafi da danshi. Na sayo kwaɗo na sa a ƙofar saboda yaran maƙwabta.

Akwai kuma kwalbar da take ajiye irin duwatsun, da wasu ƙwayoyi shuɗɗa a ƙasanta masu shanye danshi. In sun ƙoshi sai su yi ja-ja, sai an soya su a wuta su koma shuɗɗa. Ranar farko da Hadiza ta ɗora kasko, uwarku ta karɓe ludayin daga hannunta.

"Matsa. Kaskona nake gudun ki ƙona mini. Wanda bai iya suyar gyaɗa ba ina zai iya ta dutse?"

Daga ranar ita ke suyar, a wani tsohon kasko da ta ware, kuma ba ta taɓa bari sun ƙone ba.

A wannan lokacin tari ya riga ya kama ta. Da farko mun ɗauka na sanyi ne, aka sha citta da zuma, bai tafi ba. Sai rama, sai zazzaɓin yamma, sai ya zama in ta ɗebo ruwa daga famfo zuwa madafa dole ta tsaya ta dafa bango. Muka kai ta wani asibiti, likita ya sa abin sauraro a bayanta ya daɗe, ya ce a yi hoton ƙirji. Ɗakin hoton a rufe, allon na'urar ya tsage tun farkon rikici. Muka je wani wurin, nasu babu wutar da za ta tayar da shi. Aka ce sai arewa. Tsakaninmu da arewa kuwa akwai bawaba a kan bawaba, wato shingen masu bindiga, kuma baƙin mutum da iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta mutu, da mace marar lafiya a mota, ba ya rantsuwa zai wuce ta farko. Muka koma wurin likitan. Mutum ne mai tsoron Allah, bai ɓoye mana ba.

"Ya Hajji, ina jin abu a ƙirjinta, amma ban gan shi ba. Zan ba da magani da zato. In an dace, alhamdu lillahi."

A hanyar dawowa na dubi Hadiza. Ita ce mai duwatsun da suka ga ƙwallo a cikin dabino, ga ƙirjin uwarta kuma babu mai iya leƙawa.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Ɗakin kwano ya gagari uwarku, muka yi mata rumfa da buhuna a tsakar gida, ana jiƙa mayafi ana lulluɓa mata. Maƙwabciyarmu Hajiya Ramatu, Bakanuwa mai sayar da abinci ga 'yan aikin gini, ita ke kawo ganyen darbejiya da na turare ana yi mata sirace, a tafasa tukunya, a lulluɓe ta da bargo ta shaƙi tururin. Shi kaɗai ke buɗe mata ƙirji na ɗan lokaci. Likita ma ya ce busasshiyar iska da ƙura ne ke shaƙe ta, a nema mata wuri mai sanyi, a riƙa yayyafa ruwa. Kowa a gidan ya san wurin da ake nufi. Tun a makon farko Hadiza ta ce a mayar da Inna ɗakin ƙasa. Na tambaye ta duwatsun fa, ta ce in ta bar su a ciki tururi zai kashe su, in ta fitar da su ɗakin kwano zafi zai kashe su, gidajen maƙwabta kuma kowane ɗaki mutum goma ne suna girki suna wanka a wuri guda, amma duk da haka a mayar da Inna. Da ta je ɗauko mabuɗin a ƙusar da muke rataye shi, babu shi. Muka birkice gidan ba mu gani ba. Da yamma, Hadiza ta fita karɓo magani, uwarku ta yafito ni, ta nuna mini bakin zanenta a ƙulle.

"Malam, ga shi nan. Kada ka tona ni."

Na ce, "Haba, baiwar Allah. Ranki fa ake magana."

"Raina yana hannun Mai shi. Ni na ga garinmu, na sha ruwan rijiyarsa. Waccan fa? Nan ba nata ba, can ba nata ba. Ƙofa ɗaya ta buɗe mata, ni zan zama mai rufe ta? In ka gaya wa yara don ita na yi, ban yafe ba."

Hadiza ba yarinya ba ce, kafin kwana biyu ta gane inda mabuɗin yake. Ta roƙa, ta yi kuka, uwarku ta juya mata baya ta ce ita ɗakin warin tsohon dabino yake mata, ba ta shiga.

Ana cikin haka ka zo, Sani. Kana aikin gona a Zighan, ka samu motar kayan lambu ka biyo ta, ka iso da tsakar rana ina shago. Abin da ya faru Hajiya Ramatu ce ta ba ni labari, don tana wurin, kuma kai ma ka san ba ta ƙara gishiri. Ka shigo ka tarar da uwarka kwance a ƙarƙashin buhuna, ta zama rabin yadda ka bar ta, ƙudaje na bin jiƙaƙƙen mayafin, ga ɗakin ƙasa da kwaɗo. Ka tambaya me ke ciki, aka gaya maka.

Ka ce, "Yaya, duwatsu a inuwa, Inna a rana?"

Hadiza ta sunkuyar da kai. Me za ta ce? Ta ce uwarta ce ta ɓoye mabuɗi, ta kunyata ta a gaban maƙwabciya da ƙaninta? Ka durƙusa gaban uwarka ka ce ta faɗa maka wanda ya kulle ɗakin, yanzu ka ɓalle shi. Ita kuma, da a ce don kai ta yi, da ta faɗa da alfahari. Amma don 'yar fari ce, sai ta kau da fuska ta ce,

"Ka bar mai ɗaki da ɗakinta."

Kai ka ji wannan magana a matsayin ƙorafin uwa da aka fi ƙarfinta. Ka miƙe ka ce wa Hadiza boko ya cinye mata imani, ka ce daga yau ba ka da ya. Ka nemi dutse za ka fasa kwaɗon, uwarka ta ɗaga murya iya ƙarfinta ta ce in ka taɓa ƙofar ba da yawunta ba. Ka ajiye kankana da tumatir da ka kawo, direba yana ta matsa oda a waje, ka fita kana share ido. Kafin in dawo kun yi nisa. Bayan tafiyarka hanyar Wadi Bawanis ta rufe, waya ta daina shiga. Abin da ka gani ke nan, kuma ban ce ka yi ƙarya ba. Abin da ba ka gani ba shi ne wanda zan faɗa yanzu.

Ba a daɗe ba gibli ta taso, iskar nan ta kudu mai zafi kamar numfashin maƙera. Sama ta yi ja, rumfar buhuna ta yage, ƙura ta shiga ko'ina har cikin haƙora. Muka shigar da uwarku ɗakin kwano, zafi ya kore mu, muka fito da ita, ƙura ta kore mu. Bayan azahar numfashinta ya koma kamar ana jan zarto a itace, leɓɓanta suka yi duhu. Hadiza ta durƙusa ta kama bakin zanen, uwarku ta damƙe ƙullin da hannu biyu. Mace da ba ta iya ɗaga kofi, amma aka kasa buɗe yatsunta. Hadiza ta tashi ta fita, ta shiga gidan 'yan gini na kusa da mu, ta dawo da guduma. Ta tsaya a gaban ƙofar, ba ta ɗaga ba, ta juyo ta dube ni.

"Baba, Inna ta hana. Kai ne mai gida. Ka ba ni izini."

Na yi shekaru ina ja wa mutane salla, ana kawo mini rigingimu ina sasantawa, amma ban taɓa jin nauyin kalma kamar na wannan rana ba. In na ce a'a, na cika wa matata alkawari, na tsare wa 'yata ƙofarta, in kuma zauna ina kallon mace tana shaƙewa a gabana. In na ce e, na san abin da na rushe, kuma a raina na san ba lalle ya tsayar da abin da ke tafe ba. Na dubi uwarku, tana girgiza mini kai. Na tuna cewa dutse ana sake shuka shi. Na yi bisimilla na ce,

"Fasa."

Sai da ta buga sau da yawa. Kwaɗon ya faɗi, muka ɗauki uwarku ni da Hajiya Ramatu muka saukar da ita ciki. Hadiza da hannunta ta yayyafa wa ƙasan ɗakin ruwa, ta jiƙa buhu ta toshe tagar, ta ɗauko tukunyar sirace tana tafasa ta shigo da ita. Na ga allurar ɗan agogon nan tana hawa. Ita ma ta gani. Ta kwashe rabin duwatsun ta kai ɗakin kwano, ta cusa waɗanda kwalba za ta iya ɗauka a cikinta, sauran ta bar su a kan katako, ta ce ko Allah zai sa wani ɓangare ya tsira. Sa'an nan ta zauna ta ɗora kan uwarta a cinyarta. Kafin la'asar numfashin ya lafa. Ranar ce uwarku ta fara yin barci na kirki tun shigowar bazara.

Na ɗakin kwano su suka fara tafiya. Na kan katako suka bi, rawaya ta fara cin su daga gefe kamar yadda tsatsa ke cin ƙusa. Na kwalba sun fi daɗewa, amma bakin kwalbar ya saki, kuma mai suyar ƙwayoyin tana kwance, ita Hadiza kuma ba ta da lokacin kasko. Haɗinta na ƙarshe, wanda Duktur ya yaba, shi ya yi ta fama, tsakiyarsa baƙa gefensa rawaya, har na fara sa rai. Wata safiya na shiga na ga shi ma ya bi 'yan'uwansa. Ban taɓa jin ta ambaci abin ba. Tana wanke uwarta, tana juya ta, tana ba ta kunu da cokali, a ƙarƙashin katakon da shekarunta suke dagargajewa a kai.

Uwarku ta yi fushi da mu, ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Amma ta samu sauƙin da har tana iya salla a zaune, tana cin dabino jiƙaƙƙe, wani lokaci har ta yi wa Hajiya Ramatu tsiya cewa miyar Kanawa ruwa ce da aka nuna wa kuɓewa daga nesa. Haka muka ci sauran bazara. Wata rana da hantsi, ina zaune a bakin ƙofa ina jan carbi, ta ce a tayar da ita. Ta daɗe tana kallon katakon, sa'an nan ta tambaya ko akwai wanda ya rage baƙi. Hadiza ta ce babu, Inna, amma ba komai, za a sake. Uwarku ta juyo ta dube ta. Sai na ji ta ce, da wata murya ƙasa-ƙasa kamar mai gwada kalmar baƙon harshe,

"Hadiza."

Yarinyar ta waiga bayanta tana neman wanda ya kira ta, don ba ta san sunanta a wannan murya ba.

"Hadiza, Allah ya yi miki albarka. Kin yi mini taurin kai."

Ba ta ƙara kwana da yawa ba bayan wannan. Ta cika da hantsi, da kalmar shahada a bakinta, a ɗakin ƙasa, cikin sanyi. Har ta koma ga Ubangijinta babu wanda ya ga abin da ke cikin ƙirjinta, mu dai mun san ya cinye ta. Da mata suka gama wanka, Hajiya Ramatu ta fito ta miƙa mini wani abu a tafin hannu, ta ce a bakin zanenta suka kwance shi. Mabuɗin ne. Kwaɗon ya daɗe da fasuwa, amma ba ta taɓa sakin mabuɗin ba.

Ka iso ranar sadakar uku, bayan hanya ta buɗe. Ka zauna cikin maza kana karɓar gaisuwa, da Hadiza ta kawo ruwa ka juya mata ƙeya. Ɗakin ƙasa an riga an share shi an ja ƙofar, ka ɗauka yadda ka bar shi haka yake. Na kira ka gefe na gaya maka, ka ce, "To, Baba," irin to ɗin da ake ce wa tsoho in ana ganin yana rufa wa wani asiri.

Da waya ta dawo, Hadiza ta sanar da Duktur. Ya yi ta'aziyya, ya yi ƙoƙarinsa, amma mutanen ƙetare sakamako suke jira, ba uzuri ba, suka ɗauki wani. Bayan sanyi ya shigo aka kawo wa asibitin nan sabon allo, na ga mutane sun yi layi a ƙofar ɗakin hoto, na wuce ban tsaya ba. Hadiza tana nan inda ka bar ta, ba takarda, tana koyar da yara lissafi a wata ƙaramar makaranta. Furfura ta fara fito mata a goshi. Ta sake shuka duwatsu a ɗakin ƙasa da ɗan abin da take samu na magunguna, wasu su mutu, wasu su daɗe, har yanzu tana neman ƙaronta, kuma ita ke suyar ƙwayoyin a tsohon kaskon nan. Ko wata ƙofa za ta sake buɗe mata, Allah ne masani. Ni dai na san wadda ta rufe, na san kuma da bakina aka rufe ta, kuma in aka mayar da ni wannan rana abin da zan sake faɗa ke nan.

Uwarku ta ce in na gaya muku ba ta yafe ba. Na riƙe mata har ta rasu, bayan nan na auna, na ga zumuncin da ke yankewa ya fi nauyi, kuma ina fata ranar da muka haɗu za ta yi mini irin fushin da ta yi a ɗakin ƙasa, mai wucewa. Sani, mabuɗin da kwaɗon suna cikin adakata, a ƙarƙashin Alƙur'anina, na naɗe su a ƙyalle ɗaya. Ka zo tun ina da rai ka ɗauke su a hannunka. Za ka ga mabuɗin lafiyarsa ƙalau, har da zaren zanen uwarka a wuyansa, za ka ga kwaɗon kuma da tabon guduma. In ka gama dubawa, ɗakin ƙasa ba shi da nisa da nawa, kuma tun daga wannan rana yayarka ba ta sake sa masa kwaɗo ba.

Allah ya jiƙan uwarku, ya sanyaya makwancinta.